Kafaɗar da Na Roƙa

Zuwa ga maigidana, Baban Mansur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan wannan ta same ka cikin rahamar Ubangiji. Mata ba ma shiga maƙabartar Baƙi'a ta nan Madina, ka sani, iyakata bakin katanga. Shi ya sa na ce bari in faɗa maka a rubuce, duk mai karantawa ya karanta.

Har yanzu akwatin ƙarfen nan yana ƙarƙashin gadonka a gidanmu na unguwar Harra ta Yamma. Kwanson harsashi, dalma, da ɗan ma'aunin da kake auna albarushi, duk suna ciki. Bindigar dai Mansur ya mayar wa hukuma tare da takardarta. Na ce masa ya bar min akwatin, ya amsa min da Larabci kamar kullum, ya bari.

Kai ba ka sayen harsashi, da hannunka kake ɗurawa, yadda mahaifinka ya koya maka. Duk ranar Alhamis in ka taso daga gonar dabino a Awali, sai ka shimfiɗa tabarma, ka kori yara, ka hana ni kunna risho. Ka ce albarushi bai san surukuta ba. Washegari ka wuce iyakar Harami, tunda ba a farauta a cikin Madina.

Shekarar da aka yi yaƙin Kuwait ka faɗo daga kan dabino, kafaɗar dama ta goce. An gyara a mustashfa, wato asibiti, amma ba ta koma daidai ba. Duk fitar da za ka yi, bindigar nan sai ta shure ka kamar jaki. Ka dawo wurin ya yi baƙi ƙirin, ko cokali ba ka iya ɗagawa, ni ke gasa maka da ruwan zafi kana cije leɓe. Wai kai namiji!

Ni na tayar da rigima, ban musa ba, kuma ban yi nadama ba. Na ce ko ka rage albarushin nan ko in tafi gidan yayana. Ka yi ta gunaguni, daga baya ka zauna ka ɗura masu sauƙi. Ka gwada su a kan gwangwanayen madara, ka dawo kana murmushi, kafaɗa lafiya lau. Ranar har rawa na taka a tsakar gida.

Sai fitar nan ta barewa. Ka hango ta nesa, nesa da inda ka saba ajiye gwangwani, ka harba, harsashin ya yi ƙasa ya same ta a ciki. Ba ta faɗi ba. Ta ja jiki ta shige cikin baƙaƙen duwatsun harra, inda mota ba ta shiga, inda jini ma ba ya nunawa. Ka bi ta da ƙafa har rana ta faɗi. Da safe ka koma, ka tarar da ita da sauran rai, karnukan daji sun riga ka, har sun fara cin ta.

Ka shigo gida takalma a yage, tafin hannu duk yanka. Na duba kafaɗa, ba ko tabo. Abin da ka ce kawai, harsashin da ya tausaya wa maharbi bai tausaya wa abin harbi ba. Ba ka zage ni ba. Wallahi da ka zage ni da ya fi min sauƙi.

Ba ka iya komawa masu nauyin ba, jiki ya ƙi. Masu sauƙin kuma zuciya ta ƙi. Ka rufe akwatin, ka ja kujera bakin ƙofa. Mutumin da gida ba ya riƙe shi sai ga shi yana ƙirga motocin layi. Na yi ta tsokanarka, na ce maharbi ya zama maigadi, ko kallona ba ka yi. Haka na zuba ido kana raguwa shekara da shekaru, ba ciwon da likita zai kama.

Haba Baban Mansur! Barewa ɗaya? Ni fa, da yaran? Ina jin haushinka har gobe, kuma ina kewarka kamar in mutu.

Ranar da aka yi maka wanka, Mansur ne ya zuba ruwa. Da ya dawo daga Baƙi'a ya zauna kusa da ni, ya daure ya yi min Hausa don ya faranta min. Ya ce, Umma, jikin Baba sumul, kafaɗar nan kamar ba ta taɓa ciwo ba. Bai san abin da ya faɗa ba. Ita na roƙa, ita aka ba ni.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka wahalar dabbar nan da ka kasa yafe wa kanka. Ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu a inda ba abin da ke ciwo.

Ni ce dai mai rigimarka,
Maman Mansur