Gari Ɗaya, Filin Jirgi Biyu

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna da yara? Ka ce mata na iso lafiya, kada ka ƙara komai.

Amma ka ɓata mini rai. Na roƙe ka tikitin da zan canja jirgi a filin da na sauka, ka ce, "Haba, ai gari ɗaya ne!" Ashe tsakanin filayen awa biyu ce a bas, ga akwatuna uku. Kafin in isa jirgin ya tashi, sai da na jira wani. Asibitin da ya ɗauke ni aiki ya fara horar da sababbin ma'aikata babu ni. Ba komai, kumburin da ƙafata ta yi a hanya ya sauka.

Allah ya bar zumunci, amma in Inna za ta zo, tikitinta kada ka taɓa. Gwiwarta ba ta san "gari ɗaya" ba.

Ƙanwarka