Botin Kwat a Bayan Fedar Birki

Gloria,

Na hau kabu-kabu zuwa Kiéché, sai yamma. Kada ki fita da motar. Tun da gwanin bakaniken nan ya gyara birki jiya, fitilun baya sun ƙi mutuwa. Mai bin ki ba zai san kin taka birki ba sai ya ji ki a hancinsa. Na cire wayar batir.

Ɗazu na leƙa ƙarƙashin sitiyari. Ashe akwai ɗan makunni da feda ke dannewa idan an ɗaga ƙafa, fitila ta mutu. Robar da ke danne shi babu ita, sai rami da busasshen gam. A ƙasa na tsinci abin da bakaniken ya ɓamɓare: botin kwat ɗina na zuwa coci.

Shekara shida ina zargin mai wanki da ɓatar da shi. Marigayiya mamanki tana ji, ba ta taɓa cewa uffan ba. Duk littattafan da na karanta ban san da makunnin nan ba. Ita a ina ta koya? Ko kin sani?

Botin yana kan tebur. Ki sayo gam. Kada ki ɗinka shi a kwat, inda ta sa shi zai koma.

Baba