Wutar da Ni Kaɗai Nake Gani

Asabar, 27 ga Afrilu

Ƙanƙarar bakin hanya ta gama narkewa, don haka yau na yaye bargon da na lulluɓe babur da shi tun Oktoba. Ɓeraye sun yi gida a ƙarƙashin kujera. Na mayar da batir, bugu biyu ya tashi. Ɗan 1987 ne, ya girmi 'yarmu, amma muryarsa garau har yanzu.

Na zaga har rumbunan alkama na bakin layin dogo. A dawowa sai jar fitilar baƙin mai ta kama a allon mita. Na kashe inji nan take, na duba mai, a cike yake. Na sake tayarwa, fitila ta mutu. Ban gane ba.

Marlys ta leƙo ta tagar kicin ta ce, "To, na rasa miji ke nan sai kuma Oktoba."

Lahadi, 28 ga Afrilu

Bayan coci na tare Orrin a teburin kofi. Tun firamare muke tare, kuma tunda ya rufe garejinsa ba shi da aiki sai tsokana ta. Na ba shi labarin fitilar. Bakinsa cike da kek ya ce, "Waya ce, tsoho. Ɓeraye sun yi buki. Ko kuma babur ɗin ne yake roƙon ka sauka, ka yi masa nauyi."

Dole a gyara kafin Yuni. Da zarar an rufe makaranta na ajiye bas ɗin yara da nake tuƙawa, ni da Orrin za mu hau duwatsu da baburanmu kamar kowace shekara.

Talata, 30 ga Afrilu

Gaskiyar Orrin ce. Wayar da ke zuwa suwic ɗin mai, wato makunnin fitilar, an gwaguye ta har tagulla ta fito. Orrin ya girgiza ta, fitila ta kama a gabanmu duka. Ya haɗa, ya naɗe da salatif, ya goge hannu a wandona. An gama.

Alhamis, 2 ga Mayu

Ta dawo.

Amma ba kamar da ba. Yanzu ƙiftawa take yi, ƙyat, daga ƙasa ta gefen hagu, musamman idan na faɗa rami. Kafin in sauke ido a kan mita ta ɓace. Na tsaya sau da yawa ina duba mai har wani mai tirela ya rage gudu yana tambayar ko lafiya.

Asabar, 4 ga Mayu

Na je garin Havre na sayo sabon suwic da sabuwar matatar mai. Na juye mai duk da bai yi duhu ba. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da mitar gwada wuta, na goge kan batir, na zare kowane fiyus na ɗaga shi a rana. Babu wanda ya ƙone. Yini guda a durƙushe, gwiwata ta kumbura.

Na fita gwaji da yamma. Ban kai gadar rafi ba ta ƙifta.

Litinin, 6 ga Mayu

Wataƙila caji ne. Ko kuwa suwic ɗin ƙafar jingina. Ko sabon da na sayo ne ya zo a lalace. Oho.

Laraba, 8 ga Mayu

Mun yi faɗa da Orrin, na farko a shekaru masu yawa.

Na ba shi makulli ya hau da kansa. Ya tafi har garin Chinook ya dawo, ya ce ya bi duk wani rami da gwamnati ta bar mana. Ya cire hular kwano ya ce, "Lyle, babur ɗinka ya fi ka lafiya. Ko ƙyas ban gani ba."

Na ce ai ba ya kallo ne.

"Idona na kan mita har na kusa bige barewa. To gaya mini, wacce ce? Ta mai, ta caji, ko ta giya?"

Na ce ta mai mana.

"Wace kala?"

Na buɗe baki zan ce ja, sai na tsaya. Ja ce? Ta ranar farko ja ce, wannan na tabbata. Ta yanzu kuwa kamar fari-fari, kamar walƙiya daga nesa. Na ce masa ja ce dai. Ya dube ni wani iri. Na ce idan gyara ya gagare shi ya faɗa kawai, ba sai ya mayar da ni mahaukaci ba. Ya ajiye mini makulli a kan tankin mai ya shiga motarsa. Bai ma karɓi burodin ayabar da Marlys ta ƙulle masa ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ƙwari sun yi sammako bana. 'Yan ƙanana baƙaƙe, suna yawo a gaban gilashin hulata. Na wanke gilashin da sabulu, ciki da waje. Abin mamaki, har cikin gida suke bi na. Marlys ta ce ita ba ta ga ko ɗaya ba, kuma ragar tagoginmu sabuwa ce.

Asabar, 11 ga Mayu

Na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na kwance allon mita, na zare ƙwan fitila duka, na mai, na caji, na giya, na sigina, na zuba su a murfin kwalba na ajiye a kan benci. Allon ya zama makaho. Na ce to, yanzu in ga ta inda za ta fito.

Ta fito.

Na tsaya a gefen hanya, na kashe inji, na zauna a kan ciyawa. Iska tana kaɗa alkama, ba kowa. Babu ƙwai a ciki, ni na cire su da hannuna. Na yi tunanin rana ce ke dukan madubi, na ɗaure madubin hagu da hankici. Ta sake ƙiftawa. Na yi tunanin agogona ne, na sa shi a aljihu. Na dawo gida a hankali kamar mai koyo.

Da muna cin abinci Marlys ta tambaya ko an samo matsalar. Na ce saura kaɗan.

Litinin, 13 ga Mayu



Da safe ina tuƙa bas, yara cike, mun kusa mararrabar layin dogo, sai ga ta. Ƙyat, ƙasa ta hagu, daidai inda take fitowa a babur. Na taka birki da ƙarfi har jakunkuna suka zube. Na duba allon bas ɗin, babu fitila ko ɗaya a kunne. Wata 'yar aji biyu ta ce, "Mista Haugen, mun lalace ne?" Na ce a'a, kare ne ya gifta. Suka ruga taga suna neman kare.

Na kai su lafiya. Na zauna a cikin bas a bayan makaranta har aka buga ƙararrawa.

Me ya haɗa bas da babur? Ba batir ɗaya ba, ba waya ɗaya ba. Na juya abin ta kowace fuska. Abu ɗaya ne kawai yake cikin biyun, kuma ba na son rubuta shi.

Da rana na buga wa ofis na ce mura ta kama ni, a sa wani ya kwaso yaran.

Laraba, 15 ga Mayu, Great Falls

Jiya da safe na tashi kamar an ja labule mai duhu a gefen idona na hagu. Na murza, na wanke, yana nan. Na ce bari in sha kofi tukuna. Marlys ta ajiye kofinta ta hagun nawa, na ɗauki buta zan zuba mata, sai na ji ta yi ƙara. A kan tebur nake zubawa, kofin yana can gefe, ni ban gan shi ba.

Ta rufe mini idon dama da tafin hannunta. "Yatsu nawa?"

Na ce ta matso da hannun tsakiya mana.

"Lyle Haugen. Tun yaushe?"

Na fara ba ta labarin suwic. Ba ta bari na ƙarasa ba, ta ɗauko makullin mota. Likitan Havre ya leƙa sau ɗaya ya ce mu wuce babban asibitin Great Falls yanzu, kada in ci komai. A hanya, wajen garin Big Sandy, ta ce: "Da 'ya'yan mutane a bayanka."  

Likitar ido, Dakta Amsel, yarinya ce kamar 'yarmu. Ta ce tantanin da ke bayan idon ne ya yage, yana saɓulewa kamar takardar bango da ta sha ruwa. Walƙiyar da ƙwarin, duk shi ne yake kira. Ta tambaya me na yi da na fara ganin hasken. Na ce na canza baƙin mai. Ta ɗauka wasa nake, ta yi dariya, sai ta dubi fuskar Marlys ta daina.

Likitar ta ce da na ƙara kwana biyu ko uku, da tsakiyar ganin ya tafi. An yi aikin jiya da yamma.

Asabar, 18 ga Mayu

Gida. Sun hura mini wata iska a cikin idon don ta danne tantanin, kuma dole fuskata ta kalli ƙasa, a zaune ko a kwance, har sai sun ce in ɗago. An kawo wata kujera mai rami a wurin fuska. Littafin nan a ƙasa yake, ina rubutu kamar mai leƙen rijiya. Na san kowane tabo na kafet ɗinmu yanzu. Da tsinken zuƙar lemo nake shan miya.

Idon hagu ba ya ganin komai sai wani ruwa mai motsi. Dakta Amsel ta ce haka ake yi. Ban sani ba ko ta faɗa ne don hankalina ya kwanta.

Lahadi, 19 ga Mayu

Takalman mutane kawai nake gani. Na fasto suna bukatar gogewa.

Talata, 21 ga Mayu

Wasu tsofaffin takalman aiki masu tabon mai suka shigo suka tsaya a gabana.  Can sai na ji nishi da ƙarar gwiwa, sai ga Orrin ya kwanta rigingine a kan kafet, ya turo kansa ƙarƙashin kujerar kamar zai duba ƙasan mota. Fuska da fuska.

Ya ce, "Hmm. Wannan ƙirar an daina kawo kayanta."

Na ce ya tashi kada miyauna ya ɗiga masa.

Ya ce ya shiga garejina ya ga ƙwayayen fitila a murfin kwalba, ya mayar da su duka, ya ɗaure allon.  Ya ce, "Tun ranar da ka kasa faɗin kalar na zargi wani abu. Na yi fushi na tafi maimakon in ja ka asibiti. Jakin banza." Na tambaya ni ko shi. Ya ce mu raba.

Sai da Marlys ta kama hannunsa sannan ya iya tashi.

Alhamis, 30 ga Mayu

An ce in ɗago. Wuyana ya manta yadda ake yi. Iskar tana raguwa, ina gani ta samanta kamar mai leƙe daga cikin ruwa. Ƙofar kicin ta ɗan lanƙwashe idan na rufe idon dama.

Na buga wa shugabar direbobi na gaya mata ba mura ba ce. Na gaya mata har da ranar Litinin ɗin nan. Ta ce sai likita ta rubuto, a duba kafin Satumba. Ban yi gardama ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Yau ya kamata mu tafi duwatsu. An hana ni hawa tudu mai tsayi saboda iskar idon. Na ce wa Orrin ya tafi abinsa. Ya ce tayarsa ta baya ta yi sanƙo. Ƙarya yake, sabuwa ce, ni na raka shi ya saya.

Lahadi, 21 ga Yuli

Ranar Alhamis Dakta Amsel ta ce iskar ta ƙare, tantanin ya zauna, zan iya tuƙi. Gefen hagu ba zai dawo duka ba, sai dai in riƙa juya kai. Na tambaye ta babur fa? Ta ce doka ba ta hana ni ba.

Yau bayan coci na shiga gareji. Bugu ɗaya ya tashi. Fitilu suka kama suka mutu yadda ya kamata. Na zauna a kai, na sa hula, na murza totur, har na tura shi bakin ƙofa. Hanya fayau, ba iska, rana irin wadda mutum ke jira duk hunturu.

Marlys ta fito za ta kai wa ƙanwarta tumatir a Chinook. Ta tsaya da kwando a hannu tana kallona, ba ta ce kada ba, ba ta ce je ka ba.

Na kashe inji. Na ce inji ya ɗumama ai, ya isa na yau, kuma kwandon ya yi mata nauyi. Ta miƙo mini makullin mota, na ce ta riƙe, gwiwata ce ke ciwo.

Ita ta tuƙa. Tana bin hanya a hankali har abin ya ba ni haushi. Ta nuna mini gidan wasu da muka sani, su Tollefson, da aka yi wa sabon rufi, ta ce tun bara. Ban taɓa lura ba. A dawowa wani abu ya ɗan yi mini yawo a ido, ƙura ce kawai, amma na gaya mata nan take. Ta tsaya a gefen hanya ta duba da kanta.

Ba cewa na yi na daina hawa ba. Wataƙila Asabar. Ta ce Asabar ɗin za ta je kasuwar manoma, kuma wani zai riƙe mata kwanduna.