Buhu Bakwai na Fasassun Kofuna

Tsibirin Tansi, South Carolina
3 ga Afrilu, 1985

Gwaggo Ozella,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi, masu gidan tsofaffi kuma suna kula da ke.

Albishirinki. Kamfanin da ya sayi tsohuwar gonar shinkafa ya yarda ya bar mana maƙabartar kakanninmu bayi. Ran ashirin ga wata mai awon fili zai zo. Duk kabarin da ya ga alamarsa a sa shi cikin shinge, sauran ya zama filin wasan golf. Mai gadin kamfanin ya ba ni takardar shiga ta kwana uku, ni da ƙawayena biyu da muka taho daga Philadelphia muka duƙufa. Wurin ya koma juji, Gwaggo: fasassun kofuna, tangaran, kwalaben magani. Buhu bakwai muka cika, muka sassare ciyayi muka ƙone. Yanzu tas yake, ba mai ce mana ƙazamai.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Vernice

Charleston, 8 ga Afrilu

Vernice,

Na amsa gaisuwa don Ubangiji ya ce a amsa.

Ke dai karatunki ya kai ki ya baro. Juji? Wa ya taɓa sassaƙa wa bawa dutsen kabari? Kofin da mutum ya sha ruwan ƙarshe da shi ake fasawa a ɗora masa, shi ne sunansa. Laifin ubanki ne da ya kai ki birni bai koya miki komai ba. Mutum fiye da ɗari biyu kika share. Uwata Sibby, da aka haifa a bauta, shuɗiyar buta ce a kanta, da ɗan itacen da na dasa da hannuna. A gefenta na ce a sa ni, kowa ya sani.

Da zan taka wurin, ƙafata ma za ta gane su. Na roƙi shugabar gidan nan har da hawaye, ta ce likita ya hana, wai in sha shayina. Ƙofarsu ma ba ta buɗuwa daga ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina buhunan?

Gwaggonki

13 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, kunya kuma ta hana ni tsawaitawa. Ki yafe ni.

Buhunan suna bayan motata, butar ma na gan ta. Amma inda na ɗauke ta, wallahi ban sani ba, itacen kuma yana cikin abin da muka ƙone. Na zo Charleston in ɗauke ki, shugabar ta ce kina hutawa, ko zaure ban wuce ba.

Duwatsun siminti tara kaɗai suka rage, na waɗanda suka rasu a baya-bayan nan. Su za a kewaye. Mai gadi ya ce safiya ɗaya zai ƙara mini, ran sha tara. Zan iya mayar da kayan in baza su ko'ina, shinge ya kama filin duka. Na shawarci Dikin Hezekiah, dattijon cocinku, ya ce, "Ki ɗora wa mutum kofin wani? Ba da hannuna ba." Ni ma tsoro nake ji. Ba zan taɓa ba sai kin ce.

Taki mai laifi,
Vernice

16 ga Afrilu

'Yata,

Na gaishe ki, na kuma yafe.

Baza su. Ki kai har bakin rafi, nan aka sa jarirai. Kina ajiyewa kina ba mamatan haƙuri da ƙarfi, ki faɗi ko ke 'yar wace ce. Ki ce wa Hezekiah mutanen da suka ci a tukunya ɗaya ba za su yi faɗa kan kofi ba.

Ni kuma in lokaci ya yi, ku sa ni duk inda aka samu wuri cikin shingen. Uwata zan neme ta da kaina.

Ubangiji ya riƙe ki.
Ozella