Aladen da Ke Ji Mini Ƙararrawa

Jidda, Rajab 1409

Zuwa ga ƙanwata Larai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar taki? Na'ibi maƙwabcinmu na unguwar Nuzla ne ke rubuta mini, na rantsar da shi ya rufa asiri. Ki gaya wa ɗana Mahmud wasiƙarsa ba ta iso ba, don bai rubuta ba.

Abin da na ɓoye miki shi ne, gidan da nake gadi matar maigidan, Baturiya, tana kiwon alade, gajere mai tumbi har ƙasa. A ɓoye aka shigo da shi. Ban taɓa taɓa shi ba, Allah shaida ne.

Na biyu kuma, kunnena ya mutu. Shekara goma sha ɗaya ƙarƙashin injinan tashar jirgin ruwa, ko sannu ba wanda ya ce mini. Ƙararrawar ƙofa ba na jin ta. Wannan ƙazamin nake kallo: in ya ɗaga kunne ya juya, sai in tashi in buɗe. Shekara biyu ba wanda ya gane.

To, ya daina ɗagawa. Sau uku maigida yana tsayawa a rana. Matar ta lura dabbarta ba ta amsa kira, gobe za ta gwada kunnen aladen. Ki sa ni a addu'a.

Yayanki,
Jabiru

Jidda, Sha'aban 1409

Larai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, halas, an gama.

Baturiyar ta tsayar da ni gaban aladen yana cin abinci, ta ce in kalli kunnensa, in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ta yi ƙara a bayanmu. Ashe ta busa usur, ta kaɗa gwangwani, har tukunya ta saki kan siminti. Shi bai motsa ba, ni ban ɗaga ba. Da na gaji na waiga, ni take kallo.

Shi an kawo masa maganin ɗigawa. Ni an ba ni kwana biyu in kwashe kayana. Ban roƙe su ba, kuma kada Mahmud ya ce zai turo tikiti, ba zan dawo a riƙa yi mini magana da hannu ba.

Ina ɗakin Na'ibi, ba iƙama, wato takardar izinin zama. In ya fita aiki nakan zauna in jingina da ƙofa, don in masu kame sun buga, in ji a bayana.

Ki gaida kowa. Kada ki ce komai.

Yayanki,
Jabiru