Jijiyar Wuyan Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da Baba da nauyin jikinki. Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun mijinki maimakon kira. Tunda kullum yana shigowa nan da motarsa, shi ne gidan wayata daga yau. Wayar kuwa na kashe ta na cusa a ƙasan akwati, don da ta yi ƙara sai in manta in ce "halo", alhali an hana ni.

Likita ce ta hana. Tun ranar da muka gama ɗaukar waƙa ta ƙarshe a situdiyo nake jin kamar na haɗiyi ƙaya. Ta zura mini wata 'yar kyamara a maƙogwaro, ta nuna mini wani ƙurji daidai inda murya take fitowa, har ya fara tara jini. Ta ce mako shida ba waƙa, ba magana, ko raɗa ban da. Idan na matsa masa ya fashe, muryar tana iya tafiya ke nan. Ni fa, Yaya! Ni da kike cewa ko a barci bakina ba ya hutawa.

Ga shi ƙaddamar da kundin waƙoƙina na farko saura mako biyu. Oga, wanda ya haɗa mini waƙoƙin, ya ce an kama zaure, an gayyaci 'yan rediyo, ba zancen ɗagawa. Dabararsa ita ce a saki waƙoƙin ta lasifika, ni kuma in riƙe makirfo a kashe ina motsa baki. Ya ce kowa yana yi. Na yarda, amma ina tsoro, domin akwai wani mai shirin rediyo da muke kira Sarkin Surutu, kullum sai ya ce wai mace ba ta iya jan murya haka, na'ura ce ta yi mini.

Shi ma bai kai Baba tsorata ni ba. Kin san tunda ƙarar injin niƙa ta cinye masa kunne, ba baki yake saurare ba, wuya yake kallo. Tun ina ƙarama, idan na tsaya a ƙofar shago ina ƙwala masa kira injin yana ruri, jijiyar wuyana yake gani ta tashi ya san da shi nake. Zauren nan kaf zan iya ruɗa su, ban da shi.

Don Allah rigar da kike ɗinka mini, ki sa mata doguwar kwala har ƙasan haɓa. Kada ki gaya masa komai.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙafafuna da suka kumbura har ba sa son taka keken ɗinki. Saƙonki ya iso, kuma ban san ko in yi kuka ko in zo in ja kunnenki ba.

Ban gaya miki ba? Tun kina zuwa hutu muryarki a dishe nake ce miki ki sassauta, ki ce wai Oga yana so a maimaita. A maimaita sau nawa? Maƙogwaro ne ko bututun ƙarfe? Yanzu ga shi, shi yana nan da muryarsa garau yana ba da umarni, ke kina rubutu kamar 'yar firamare.

Ki saurare ni da kyau. Kundi ba ya ruɓewa. Ki je ki rubuta wa Ogan naki da manyan baƙaƙe cewa a ɗaga taron. Idan ya ƙi, ki shigo motar mijina ki dawo gida, ɗakinki yana nan, sai dai in kwashe yadudduka.

Zancen kwala kuwa, kin ba ni aiki. Na riga na yanka wuyan rigar a buɗe yadda kika zana mini, yanzu sai na nemo ƙyalle na yi ƙari. Zan yi, tunda ke ce. Amma ki sani ban ji daɗi ba. Mutumin nan tun da aka ce masa zai je, ya ba da babbar rigarsa wanki, ya bi shagunan layi ɗaya bayan ɗaya yana nuna hotonki na jikin kundin. Jiya na sa masa waƙarki a waya, na ƙure sauti, ya manna a kunnen hagu mai ɗan dama-dama, ya daɗe, sai ya ce, "Ba na jin komai sai zuuu. Bari in je in gan ta da idona." A kan wannan mutumin kike so in ɗinka labule.

Ni ba zan samu zuwa ba, ungozoma ta ce kada in kuskura in hau mota. Ki sha ruwan ɗumi, ki rufe bakin nan.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da sannu da ƙafa.

Na rubuta wa Oga kamar yadda kika ce. Ya karanta, ya ninke takardar, ya ce, "Auta, idan muka ɗaga, gobe Sarkin Surutu zai ce kin gudu, kuma mutane za su yarda." Haushin da na ji shi ne gaskiya ya faɗa. Shekara uku ina yi wa wasu amshi a bayan labule kafin a ba ni wannan dama. Ba zan dawo gida in zauna kan yadudduka ana cewa na'ura ce ba.

Kullum yanzu ina gaban madubi ina koyon ƙarya. Muryata tana fitowa daga lasifika, ni ina buɗe baki kamar kifi. Jiya da aka zo wurin dogon jan nan na waƙa ta ƙarshe, ban san lokacin da na ja numfashi zan bi ta ba, sai da mai buga mana ganga, da ke zaune kusa, ya jefe ni da sandarsa. Wallahi tsoron kaina nake ji.

Na san abin da nake roƙonki ba kyau. Amma ki yi tunani, ya taso tun daga gida, ya zauna a layin gaba, ya ga jijiyar wuyana a kwance. Da wane ido zan kalle shi? Ki sa kwalar, Yaya, ki sa mata maɓalli.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa, ga rigarki nan, kuma kafin ki buɗe ledar ki hau zage-zage a zuci, karanta.

Ba ni na kai masa zancen ba. Ina kan keke ina haɗa kwalar ya shigo neman allura. Ya tsaya, ya ɗaga rigar, ya juya ta. Ya ce, "Yarinyar da ko ɗankwali ya taɓa mata wuya sai ta fizge, ita ce za ta yi waƙa a cikin wannan?" Na ce yayi ne. Ya kalle ni, ya ce, "Kwana nawa rabon da ta kira ki?" Auta, ina da ciki wata tara, ba ni da ƙarfin yi wa Baba ƙarya. Na faɗa masa duka, da ƙarfi, har maƙwabta sun ji rabi.

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Can ya ce lokacin da kunnensa ya fara ƙara, wani malamin asibiti ya ce ya huta da injin na wata biyu, shi kuma ya ce masu niƙa suna layi, wa zai sallame su? Ya ce, "Masu niƙan suna nan, sun koma wani shago. Kunnen ne bai dawo ba."

Da hannunsa ya ɗauki almakashi ya farke kwalar. Ga saƙonsa, ya sa na maimaita har sau biyu don kada in rage: zai zo, zai zauna a gaba, kuma wuyanki zai kalla daga farko har ƙarshe. Yana so ya gan shi a kwance. Idan ya ga jijiyar nan ta tashi, zai yi miki alamar da yake yi idan za a kashe inji, kuma kin san ba a sa shi ya yi ta sau biyu.

Allah ya tsare, ya fitar da ke kunya.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayar Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kin sauka lafiya, domin maigidanki ya shaida mini an samu ƙaruwa. Allah ya raya. Ni ne wanda ya haɗa wa Auta kundinta. Ta rubuta mini a takarda cewa in sanar da ke abin da ya faru, kada in rage, kada in gyara.

Taron ya fara bayan la'asar, zaure ya cika. Komai ya tafi daidai har waƙa ta ƙarshe, babu wanda ya lura. Ana cikin tafi sai mai shirin rediyon nan ya miƙe da makirfonsa, ya ce tunda an ce muryarta ce, a kashe kiɗa da lasifika ta ja dogon jan nan ita kaɗai. Mutane suka ɗauka, suna buga kujeru. Na yi mata alama ta sauko. Ba ta ko kalle ni ba.

Ta ajiye makirfo a ƙasa, ta ja. Na yi shekaru a wannan sana'a, ban taɓa jin murya ta cika zaure haka ba tare da na'ura ba. Na baya-baya ma sai da suka miƙe. Ni kaina na manta da likita, Allah ya yafe mini.

Tana tsakiyar ja sai mahaifinku ya tashi. Ya taka har bakin dandamali, ya ɗaga hannun dama, ya sauke shi da ƙarfi kamar mai sara. Nan take ta datse, ba ta ƙarasa ba. Ya hau, ya cire hularsa, ya kama hannunta, suka bi ta tsakiyar mutane suka fita. A mota ta yi tari, muka ga jini a hankici, muka wuce asibiti.

Yau kowace tasha waƙarta take sawa, mai shirin ma ya janye maganarsa. Na kai mata labarin, ta juya fuska bango. Likita ta ce ƙurjin ya tsage amma bai fashe duka ba, kuma da ta kai ƙarshen jan da ba ma wannan maganar. Ba za a san matsayin muryar ba sai kumburin ya sauka. Mahaifinku ya ƙi komawa gida, kuma ya ƙi amsa gaisuwata. Ban ga laifinsa ba.

Na gode, a huta lafiya.

Mai haɗa sauti

*

Yaya,

Barka da arziki. Ki sumbatar mini 'yata, ki ce mata ta yi kukan nata da nawa.

Kada ki yi mini faɗa, na yi wa kaina ya ishe ni. Baba yana nan kan kujera kusa da gado, mako uku ke nan, ko hamma na yi sai ya ɗago ya duba wuyana. Mu biyu mun dace, ni ba na magana, shi ba ya ji.

Gobe da safe likita za ta ce in gwada cewa "aa", sau ɗaya, a hankali. Na rubuta wa Baba cewa ba zai ji ba. Ya ce zai ɗora yatsunsa a maƙogwarona, haka yake gane inji ya tashi. Ina jin tsoro, Yaya.

Na ciro wayar daga akwati. Kada ki kira. Idan taki ta yi ƙara, ni ce, muryar ta dawo. Idan kuwa mijinki ne ya shigo da takarda, ki ajiye jaririyar, ki zauna kafin ki buɗe.

Taki,
Auta