Ranar da Na Kulle Kaina a Shagonki

Yaya, assalamu alaikum. Takarda nake so ki aiko mini, da sa hannunki a ƙasa, ki ce kin bar mini shagon ɗinki. Ki haɗa da hoton katinki na shaida, gaba da baya, su iso kafin watan nan ya mutu. To, na faɗa, na huta. Malama maƙwabciyarmu da ke rubuta mini ta ce in fara da gaisuwa kamar mutane, na ce a'a, in ban fara fitar da wannan ba zan yi ta gaisuwa har takarda ta cika ban faɗi abin da ke raina ba.

Yanzu kuma ina gaisuwa. Kuna lafiya? Ya maigidan naki da aiki, ya yara da makaranta? Allah ya sa ƙafar nan taki ta daina damun ki, ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Inna ƙalau take, kullum tana faɗa da kajin maƙwabta. Ɗiyarki ta wajena ta shiga wata bakwai, haƙora biyu sun fito mata a ƙasa, ba abin da ta ƙyale, har bakin almakashi take miƙa wa hannu. Duk wanda ya gan ta sai ya ce goshinki ta ɗauko, ni dai na ce Allah ya sa ta haɗa da ƙwaƙwalwar. Babanta yana can wajen aikin gini, yana gaishe ki sosai.

Kada ki tsorata da yadda na fara, alheri ne. Bari in ba ki tun daga farko.

Kin san yadda muke yi a layinmu. Da motar hukuma ta karyo kwana, mai faci zai buga guduma a jikin ƙarfen taya sau uku, kowa ya ja ƙofarsa ya sa kwaɗo ya ɓace. Tun da kuka tashi, shekara uku ke nan, haka nake yi, don takardar izinin da ke jikin bango sunanki ne da hotonki, kuma ta daɗe da mutuwa tunda sai mai ita ce take zuwa sabuntawa. To, tun ƙarshen watan jiya mutanen suka yi ta zuwa. Sau huɗu suna zuwa, sau huɗu suna tarar da layi kamar an share. Mai aski har da barin mutum da rabin kai, mutumin ya biyo shi da gudu da ƙyalle a wuya.

Zuwansu na biyar, ranar Talata da hantsi, ina ba yarinya nono ta yi barci a hannuna. Ina jin gudumar na miƙe, zane a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, na leƙa na ga motar har ta tsaya a bakin layi. Ba hanyar fita. Sai na ja ƙofa daga ciki na sa sakata, na tsuguna bayan keke, na rungume ta ina addu'ar duk da na iya. Ina jin takunsu suna wuce shaguna ɗaya bayan ɗaya. Sun zo daidai ƙofarmu, Yaya, daidai ƙofarmu, yarinyar nan ta buɗe ido ta ga duhu, ta kware baki. Na sa mata nono ta ƙi, na jijjiga ta ta ƙara murya. Ni ban taɓa sanin ƙaramin mutum yana da wannan maƙogwaro ba.

Sai na ji wata mace tana ƙwanƙwasawa, tana cewa wai in buɗe kafin zafi ya dafa mata 'yar mutane, in kuwa jaririyar ce ta kulle kanta to a gaya mata ta buɗe. Na zare sakata na buɗe. Wata babbar mace ce mai tabarau, da jaka a hammata, da wani dattijo mai riƙe da takardu. Ta karɓi yarinyar kafin ma ta dube ni, ta ɗora ta a kafaɗa, 'yar nema ta yi tsit kamar ba ita ba.

Nan ne na yi abin da nake jin kunyar gaya miki. Ta tambayi sunana, na ba ta naki. Wallahi bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani. Ta ciro takardar daga bango, ta hure ƙura, ta dubi hoton, ta dube ni, ta sake duban hoton. Sai ta ce wai ita ta haifi biyar, ta san haihuwa tana sauya mace, amma ba ta taɓa ganin wadda haihuwa ta toshe wa wushirya ta kuma rage mata tsawo ba. Dattijon ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa sai hawaye. Na ce ta yafe mini, Yayata ce, ita ta koya mini, ni riƙo nake yi, kada a rufe shagon, kada a tafi da ni, ga yarinya tana shan nono.

Ta sa ni na zauna a kan bencin masu jira, ta ce in share fuska in buɗe kunne. Wai doka ta sauya tun watan jiya. Duk ƙaramin shago mai mutum ɗaya ko biyu, yanzu ba sai ka je babban ofis ka kwana a layi ba, su ne za su zo har ƙofa su rubuta ka, kuma ba sabuntawa duk shekara. Amma takardar da sunan mai aiki a ciki za a yi ta, ba da sunan wanda ba ya nan ba. Wai abin da suka yi mako biyu suna son gaya mana ke nan, mu kuma muna ta tsere. Ta ce ita duk aikinta ba ta taɓa ganin mutanen da ake bin su da alheri suna tsallake kwata ba.

Sai ta ce in nuna shaidar ni ke aikin, in kawo littafin da nake rubuta awon mutane. Na ce ni ban yi makaranta ba, ba ni da littafi. Na nuna mata igiyoyina da ke rataye a ƙusa. Ba ki san su ba, bayan tafiyarki na ƙirƙiro, don lambobin tef suna rikita ni. Duk wadda ta kawo yadi, sai in yanki siririn ƙyalle daga gefen nata, in auna ta da shi, ƙulli ɗaya kafaɗa, na biyu ƙirji, na uku ƙugu, na huɗu hannu. Da na ga launin na san mai shi. Ta zaro guda ta ce ta wa ce, na gaya mata. Ta zaro wata, na gaya mata, har na ƙara da cewa wannan an sassauta ƙullin tsakiya don mai ita tana da ciki. Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce wa dattijon ya rubuta an ga littafi. Kafin su tafi ta miƙe ta ware hannu ta ce in auna ta, wai za ta kawo yadi, amma ƙullin ƙugu ya tsaya tsakaninmu.

Yanzu layi gaba ɗaya an rubuta kowa. Mai faci ya zama abin tsokana, duk wanda ya wuce sai ya ce masa ya buga guduma. Ɗiyarki kuwa sun sa mata suna Mai Tonon Asiri, mai aski ya ce shi zai yi mata aski kyauta. Ni kaɗai ce tawa ta tsaya, saboda akwai tsohon suna a kan ƙofar. Matar ta ce in mai tsohon suna ba ta rubuto ta saki ba kafin ƙarshen wata, za a ɗauka shagon ba mai shi, a ba wani, kuma wannan ba a hannunta yake ba. Yau saura kwana goma sha tara. Direban da zai kawo miki wannan yana dawowa duk ranar Asabar, ki ba shi hannu da hannu.

Yaya, abin da ya hana ni kiran ki a waya ke nan, in na ji muryarki ba zan iya ba. Na san da me kika kafa shagon nan. Na san kin ce za ki dawo wata rana ki zauna a kan kekenki. Ina tsoron ki ce na ga ba kya nan na miƙe ƙafa a kayanki. Allah ya sani ban taɓa neman haka ba. Allon da ke saman ƙofa mai sunanki ba zan sauke shi ba, na tambaya an ce ba ruwan doka da allo. Ranar da kika dawo, kujerar taki ce, ni in koma gefen dutsen guga inda na fara. Amma in aka ba wani ƙofar nan, daga ni har ke ba mu da wurin komawa, kuma da keken nan nake saya wa yarinya sabulu ba sai na jira hannun kowa ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, da babban ɗana da na ji wai ya fi ki tsawo, da 'yan biyu, da surukarki in tana nan. Inna tana gaishe ku, Kawu ma haka, Malama ta ce in sa tata gaisuwar. Ni ce ƙanwarki, autar Inna.

Saura abu ɗaya, kada ki ji a bakin wani. Na riga na gaya wa Inna, ta ce ita ba za ta shiga tsakanin 'ya'yanta ba, amma ta yi ta murmushi. Na gaya wa baban yarinya. Sai kuma matar hukumar. Da za ta shiga mota ta tambaye ni ko na tabbata Yayar tawa za ta yarda, don ta ga 'yan uwa da yawa sun ɓata a kan ƙofar shago. Ni kuwa ban tambaye ki ba tukuna, ban ma san ta ina zan fara ba, amma na ce mata ta ajiye mini layina a takardarta, tawa Yayar za ta aiko.